Sharhi: Kafin A Liƙa Tayil, A Tsare Bangon Banɗaki Daga Ruwa

Yau maganarmu a kan gini take, kuma a kan ɗakin da ya fi kowanne ƙanƙanta a gida, wato banɗaki. Ina kira ga mai gini, da mai niyyar gini, da birkila, da mai liƙa tayil, da mai aikin famfo, da uwargidan da ke fama da bango mai laima, kowa ya matso kusa da akwatin rediyonsa. Magana ɗaya nake tafe da ita: tayil ba ya hana ruwa shiga bango. Abin da ke hana ruwa, a ƙarƙashin tayil ake yin sa, kuma lokacin yin sa ɗaya ne tak, kafin a liƙa tayil ɗin farko.

Ku zaga sababbin unguwannin Kano ko Kaduna ko Katsina ko Maraɗi, ku dubi bangayen gidaje ta waje. Ba sai an nuna muku inda banɗaki yake ba, bangon da kansa zai faɗa muku. Za ku ga tabo mai duhu daga ƙasa zuwa gwiwa, wani lokaci har ƙugu. Fenti ya kumbura yana ɗayewa, farin gishiri ya feso, filasta tana marmashewa idan aka taɓa ta da yatsa. Gidan kuwa bai shekara uku da tarewa ba. Idan aka shiga ciki, banɗakin fes yake, tayil na sheƙi, famfo na walƙiya. Amma a buɗe sif ɗin amarya da ke jingine da bangon ta ɗaya ɓarin: katakon baya ya kumbura ya yi baƙi, atamfofin da ke can ƙasa sun yi fumfuna, ɗakin duka yana wani wari da turaren wuta ya kasa kashewa. Iyayen yarinya sun sha wahala kafin su haɗa wannan kayan ɗaki, ga shi ruwan wanka ya cinye shi a shekara biyu.

Yaya aka yi muka zo nan? A gidajen iyayenmu, makewayi can kusurwar gida yake, nesa da ɗakin kwana, galibi ba rufi. A yi wanka da safe, kafin azahar rana ta busar da wurin ƙarau. Yau banɗaki ya shigo cikin ɗaki. Ango yana son ciki da falo da banɗaki, mai gidan haya ya san ɗaki mai banɗaki a ciki ya fi tsada, masu bene suna ɗora banɗaki a kan falon ƙasa. Wannan ci gaba ne, akwai sutura a ciki, akwai sauƙi ga tsofaffi da marasa lafiya da masu jego. Sai dai mun shigo da ruwa cikin ɗaki, mun rufe shi da kwano da silin, mun hana masa rana da iska, ba mu kuma shigo da dabarar tsare bango daga gare shi ba.

Bari mu yi ɗan lissafi tare. Ɗauki gida mai mutum 10 da banɗaki ɗaya. Kowa ya yi wanka da bokiti guda mai lita 20, an sami lita 200 ke nan a rana, cikin duro guda, ban da alwala, ban da wanki, ban da wankan yara sau biyu lokacin zafi. A shekara lita 73,000 ke nan. Yanzu dubi ruwan sama. A Kano, yawancin shekaru ruwan damina gaba ɗaya ba ya kai zurfin mita ɗaya. Banɗaki mai tsawon mita 2 da faɗin mita ɗaya da rabi, da a ce ba shi da rufi, ruwan saman da zai sauka a cikinsa duk shekara ba zai wuce lita 3,000 ba. Ashe ruwan da muke zubawa da hannunmu ya ninka na damina fiye da sau 20. Muna kashe maƙudan kuɗi a kan kwanon rufi saboda damina ta wata huɗu, amma daminar da ke sauka cikin ɗaki kullum, rani da hunturu da bazara, mun bar ta da farin siminti.

Na san abin da wani zai ce. Sau da yawa mai gida kan tambayi ma'aikaci, "Malam, ba za a sa wani abu ba kafin tayil?" Shi kuwa sai ya ce, "Haba Alhaji, ai tayil gilashi ne, ta ina ruwa zai bi?" Gaskiya ne fuskar tayil tana da santsi, ruwa ba ya ratsa ta. Amma juya shi ka ɗiga ruwa a bayansa, ka ga yadda zai shanye nan take. Tayil ɗin bango na gama-gari yakan sha ruwa fiye da kashi 10 cikin 100 na nauyinsa, shi ya sa ma'aikata ke jiƙa shi a duro kafin su liƙa da siminti. Sannan bango ba tayil ɗaya ba ne, ɗaruruwa ne aka jera, kuma tsakanin kowane biyu akwai layi. Abin da ake cike layin da shi, farin siminti ne ko wani gari danginsa, kuma shi ma yana shan ruwa. Da tafiya ta yi tafiya, ga goga da burushi, ga ruwan wanke banɗaki mai kaifi, sai layin ya zaizaye. A kusurwa kuwa, inda bango ya haɗu da daɓe, gini yakan ɗan motsa da zafi da sanyi, sai siririyar tsaga ta buɗe. Hausawa sun riga sun faɗa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwa kuwa ko tsagar da ido ba ya gani ta ishe shi.

Idan ya shiga, me zai tarar? Filasta mai yawan yashi, a bayanta kuma bulo mai rami, wanda wataƙila an buga shi da ƙarancin siminti. Bulo yana jan ruwa yadda lagwani ke jan kananzir a fitilar ƙwai, daga ƙasa zuwa sama, daga wannan ɓari zuwa wancan. Ta gefen banɗaki tayil ya toshe masa hanyar bushewa, don haka sai ya ɓulla ta ɗakin kwana ko ta waje. A hanya yana narkar da gishirin da ke cikin siminti da yashi. Idan ya iso fuskar bango ya bushe, gishirin ya tsaya, shi ne farin abin nan da ke ture fenti yana marmashe filasta.

Kada a ɗauka ɓarnar ta tsaya ga kwalliya. A gidan bene, ruwan yana sauka cikin dekin, inda rodi yake. Rodi idan ya yi tsatsa yana kumbura, ya tsaga kankaren da ke kewaye da shi, har ka ga ɓangarori na faɗowa daga saman falo, ƙarfe ya fito tsirara. Wannan taɓa ƙarfin gini ne. A gidan ƙasa da aka yi wa filastar siminti, abin ya fi haɗari, domin ruwa na bin bayan simintin yana jiƙa tubali a ɓoye, sai watan Agusta ya zo da ruwa mai ƙarfi, bangon da gindinsa ya riga ya ruɓe ya zauna. Ga wayoyin lantarki da ke binne a bangon, har wasu gidajen yara sun san bangon da ba a taɓawa saboda yana ja. Ga kuma lafiya. A shekarar 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a kan laima da fumfuna a cikin gidaje, inda ta danganta zama a irin wannan ɗaki da tari, da shessheƙar numfashi, da tashin asma. Yaro na tari duk dare, ana ta sayen magani, alhali katifarsa na jingine da bango mai laima.

Abin da ya fi taɓa ni a wannan lamari shi ne, ba mu gaji wannan sakaci ba. Maginan ƙasar Hausa na dā sun san ruwa, sun kuma san maganinsa. Suna da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ana shafe bango da daɓe da ita. Suna da laso, wanda ake haɗawa da katsi na karofi, da gashin jima daga majema, da dafara, ana shafe rufin soro da shi ya yi shekaru yana ture ruwa. Da irin wannan laso ake shafe cikin ramukan rini, irin na Ƙofar Mata a Kano, waɗanda ake danganta kafuwarsu da shekarar 1498, rami ya riƙe ruwan baba wata da watanni. Suna fitar da indararo nesa da bango don kada ruwa ya zuba a gindinsa. Mutanen da ba su ga buhun siminti ba sun gane cewa bango dabam, abin da ke kare shi daga ruwa dabam. Mu da muke da simintin Ashaka da na Sakkwato da na Obajana, da kayan zamani cike da kasuwa, bai kamata mu gaza su ba.

To, yaya ake aikin yadda ya kamata? Ku biyo ni daki-daki, mai biro ya rubuta.

Farko, aikin famfo. Kafin a rufe bututu da filasta, a cika shi da ruwa, a toshe bakunansa, a sa masa matsi, a bar shi ya kwana. Mai gida ya zo da kansa ya shafa kowace gaɓa da busasshen hannu. Gaɓa ɗaya mai ɗiga a cikin bango ta isa ta ɓata duk abin da za a yi daga baya, domin ita ta bayan kariyar take zubowa. Ramukan da aka sassaƙa don binne bututu a cike su da kwaɓi mai kyau, ban da cusa takardar buhun siminti da ɓaraguzan bulo.

Na biyu, filasta. A banɗaki ba a yin rowar siminti. Awo ɗaya na siminti, awo uku ko huɗu na yashi mai tsabta wanda aka tankaɗe, ba mai laka ba. Sannan a yi mata ban ruwa safe da yamma har kwana 7 aƙalla. A bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ko a hunturu da iska ke busar da komai, filastar da ba a ba ta ruwa ba tana yin tsaga-tsaga tun kafin ta yi ƙarfi. Siminti sai ya kwana 28 yake kai cikakken ƙarfin da ake auna shi da shi, don haka gaggawar yau filasta gobe tayil ba ta da amfani.

Na uku, gangara. Daɓen banɗaki dole ya karkata zuwa magudana, kimanin santimita 2 a kowace mita, ko kwatan inci a kowace ƙafa. A yi gangarar tun a kwaɓin ƙasa, kada a bari sai wajen tayil a ce za a gyara. Gwajinta ba wuya: zuba ruwa buta guda a kusurwa mafi nisa, ka tsaya ka ga inda zai nufa. Idan ya kwanta, ko ya nufi ƙofa, a sake. Kuma daɓen banɗaki ya ɗan yi ƙasa da na ɗakin kwana, ko a yi masa dokin ƙofa.

Na huɗu, kusurwoyi da bakin bututu. Nan ne ruwa ya fi samun hanya. Inda bango ya haɗu da daɓe, a cike lungun da kwaɓi a lanƙwasa shi da gindin kwalba, ya zama ba kaifi. Idan an zo shafe, a shimfiɗa ƙyallen raga na musamman da ake sayarwa tare da maganin hana ruwa a kan kowace kusurwa, rabi a bango rabi a ƙasa, a danne shi cikin shafen. Haka za a yi wa kewayen kowane bututu da ya huda bango ko daɓe, da bakin magudana, da gindin masai.

Na biyar, shafen kansa. A kasuwar kayan gini ana samun maganin hana ruwa, wanda masu shago ke kira wotafuruf, kuma iri-iri ne. Akwai garin da ake zubawa cikin kwaɓin filasta. Yana taimakawa, yana rage shan ruwa, amma idan filastar ta tsage shi ke nan, ba ya rufe tsaga, don haka kada a dogara da shi kaɗai. Akwai kwalta da shimfiɗar da ake ƙonawa da wuta, waɗanda suka dace da rufin dekin da harsashi, amma a bangon da za a liƙa wa tayil ba su dace ba, domin siminti ba ya kama kwalta da kyau. Wanda ya fi dacewa da bangon banɗaki shi ne mai haɗi biyu, gari a buhu da farin ruwa a jarka, a dama su tare ya yi kauri, ko kuma wanda ke zuwa a bokiti a dame, idan ya bushe ya zama fata mai ɗan talewa. A tabbata an rubuta a jikinsa cewa ana liƙa tayil a kansa.

Kafin shafawa a share bango tas, ba ƙura, ba mai, ba ɓurɓushi. Idan mai haɗin siminti ne, a ɗan yayyafa wa bangon ruwa ya yi sanyi, amma kada ya riƙa ɗiga. A dama daidai yadda aka rubuta, kuma daidai wanda za a iya shafewa kafin ya fara daskarewa. Ina roƙon ma'aikata, kada a ƙara ruwa don ya yi auki. Wanda ya tsinka maganin nan, fenti kawai ya shafa. A yi shafi biyu: na farko a kwance, daga hagu zuwa dama, a bar shi ya sha iska gwargwadon sa'o'in da aka rubuta, na biyu a tsaye, daga sama zuwa ƙasa, don ya toshe 'yan ƙofofin da na farko ya bari. Idan an gama, kaurinsa ya kai milimita ɗaya zuwa biyu, kuma ko'ina launi ɗaya, ba inda filasta ke leƙowa.

Har ina za a kai? Daɓe dai gaba ɗayansa. A bango, ƙa'idar gini ta ƙasar Ostareliya ta sa a kai mita 1.8 a wurin shawa, wato ƙafa 6, sauran wurare kuma akan ɗaga shafen kimanin inci 6 daga ƙasa. Amma su can wurin wankansu a killace yake da gilashi ko labule. Mu kuwa da bokiti da kofi muke wanka, a ɗaki ƙarami, ruwa na fantsama ko'ina, a nan ake alwala, a nan ake wanki. Saboda haka shawarata, a shafe bango huɗun duka har ƙafa 6. A banɗakin da muka yi misali da shi, daɓe da bango duka ba su kai murabba'in mita 16 ba. Ba wani fili ne mai yawa ba.

Na shida, kuma wannan shi ne wanda ba na so kowa ya manta, gwajin ruwa. Idan shafen ya bushe sarai, a toshe magudana, a tare bakin ƙofa, a cika daɓen da ruwa zurfin inci 2, a ja layi da fensir daidai bakin ruwan. A bar shi sa'a 24 aƙalla, in da hali 48. Saboda iskar ƙasarmu tana shan ruwa, a ajiye kwano da ruwa a gefe, shi ma a ja masa layi. Idan na daɓe ya fi na kwano sauka, akwai inda yake zurarewa. A zaga bayan bango a duba, in bene ne a sauka ƙasa a ɗaga kai. Idan an ga laima, gyaran a ranar burushi ɗaya ne da ragowar magani. Bayan tayil kuwa, gyaran guduma ne da kurfi.

Na bakwai, liƙa tayil. A kan wannan shafe, gam ɗin tayil ya fi dacewa, a baza shi da cokali mai haƙora yadda bayan tayil zai kama gaba ɗaya. A daina ɗora dunƙule biyar a bayan tayil a manna, domin ramin da ke tsakaninsu matattarar ruwa ce da kyankyasai. Mai gida ya ƙwanƙwasa da makulli, inda ya ji ƙarar fanko, a cire a sake. Kada a buga ƙusa a shafen don ɗaure igiyar awo, kada a ja baro ko shebur a kansa. A bar 'yar tazara tsakanin tayil da tayil don abin cikewa ya sami wurin shiga. Kusurwoyi kuma da silikon ake cike su, saboda shi yana talewa idan gini ya motsa. Daga ƙarshe, a yi wa banɗaki taga ta gaskiya wadda iska ke shiga, ba ɗan rami don fita haƙƙi ba.

Yanzu ga wanda ke cewa, ni ai aikin gama ya gama, bangona ya riga ya jiƙe. Kafin ka kashe ko kwabo, gano tushen ruwan. Rufe duk famfunan gida da dare, ka sa alama a tanki. Idan da safe ruwa ya sauka, bututu ne ya fashe. Idan laimar ta zagaye gidan duka daga ƙasa, tana ƙaruwa da damina tana raguwa da rani, daga ƙasa take tasowa, wataƙila ba a shimfiɗa leda ba lokacin zuba jaman fulo, kuma maganin wannan dabam ne. Idan kuwa bayan banɗaki kaɗai take, rani da damina, to ruwan wanka ne. Sake cike layukan tayil da sa silikon a kusurwa zai rage, zai saya maka lokaci. Amma magani na dindindin shi ne a ɓamɓare tayil, a bar bango ya bushe, a yi aikin daga farko. Abin da nake gargaɗi a kai shi ne dabarar nan da ta yaɗu, ta liƙa wa bangon tayil ta waje don a rufe tabo. Ruwan bai tafi ko'ina ba. An toshe masa mafita ne kawai, sai ya hau sama ya ɓullo a saman sabon tayil ɗin, an gudu daga gara an faɗa gidan zago.

Sai batun kuɗi, wanda na san shi ne a zuciyar kowa. Kayan gini sun yi tsada, kuma mai gini yakan iso banɗaki ne aljihu ya riga ya huje, ga ranar biki ta matso, ga ɗan haya na jiran makulli. Na fahimci wannan. Amma a auna da kyau. Wanda ya tsallake shafen nan zai sayi tayil sau biyu, ya biya ma'aikaci sau biyu, ya biya mai fasawa, ya sake filasta da fenti a ɗakin da ke maƙwabtaka, ya kuma zauna kwana da kwanaki ba banɗaki. Idan kuɗi ya gaza, a sayi tayil mai sauƙin kuɗi a yi kariya mai kyau. In ma ta kama, a yi shafen, a rufe shi da siririyar filasta, a dakata da tayil sai an samu. Tun ran gini ran zane.

Ga 'yan'uwana masu sana'a, birkiloli da masu tayil da masu aikin famfo, wannan aiki amana ce, domin aiki ne da ake binnewa. Mai gida ba zai sake ganinsa ba, kai kaɗai ka san shafi biyu ka yi ko ɗaya, kai ka san ko ka tsinka. Idan mai gida bai sani ba, sanar da shi. Idan ya ce ba ya so, gaya masa a gaban shaida abin da zai biyo baya. Ku koya wa yaranku na aiki, ku ɗauki hoton kowane mataki da waya ku nuna wa mai gida. Ma'aikacin da aka san banɗakinsa ba ya yoyo, ba zai rasa aiki a garin nan ba. Masu gida kuma, ku biya ladan wannan aiki dabam, ku ba shi kwanakinsa. Ba a cewa mutum ya yi aikin mako guda a kwana biyu, sannan a dawo ana zarginsa.

Masu gidajen haya, ku tuna bangon banɗakinku sau da yawa shi ne bangon ɗakin maƙwabci. Ruwan da ya ratsa ya ɓata masa kaya, ko ya sa ɗansa tari, haƙƙi ne a wuyanku. Masu kula da masallatai da makarantun kwana da asibitoci, inda wurin alwala da banɗaki ba sa hutawa, ku sa wannan shafe da gwajin ruwa a rubuce cikin takardar kwangila, kada a biya kuɗin tayil sai an gani da ido.

Akwai kuma rawar da hukumomi za su taka. Najeriya tana da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa tun 2006, tana da cibiyar binciken gini da hanyoyi, NBRRI, tun 1978, da majalisar rajistar magina, CORBON, tun 1989, ga hukumar kula da ingancin kaya, SON. Kirana gare su da ƙungiyoyin magina da kwalejojin fasaha shi ne a sauko da wannan ilimi inda ake kwaɓa siminti. A shirya bita da Hausa, a yi ta a wurin gini da burushi a hannu, a sa masu sayar da magani su buga bayanin amfani da shi da harshen da ma'aikaci ke karantawa, a kuma sa ido a kan jabun kaya.

Jama'a masu sauraro, idan akwai gini a hannunka yanzu, gobe da safe ka je wurin. Ka tambayi ma'aikacinka abu uku: an gwada bututu? Wane magani za a shafa, kuma shafi nawa? Yaushe za a tare ruwa a gwada? Idan amsa ba ta fito ba, a ajiye kwalayen tayil a gefe tukuna, ba inda za su gudu. Ka kuma isar da wannan magana ga ɗan'uwa ko aboki da ka san yana gini.

Nan muka kawo ƙarshen sharhinmu na yau. Allah ya sa wa gidajenmu albarka, ya ba masu gini ikon kammalawa, ya ba masu sana'a halal mai yalwa.